Ɗinkin ƙawayen amarya: hannunta ya yi, amma raina bai huce ba

A watan Afrilu aka yi bikin ƙanwata, jim kaɗan bayan ƙaramar Sallah, ni kuma aka ɗora wa maganar anko. Tun farko amarya ta ce ba ta son a fidda atamfa guda kowa ta saya. Ƙawayenta tara ne: uku matan aure, ɗaya daga cikinsu da cikin wata bakwai, biyu kuma ɗaliban Jami'ar Ɗanfodiyo ne da kuɗin leshi zai yi musu nauyi. Sai muka tsayar da kala ɗaya, makuba, kowa ta sayi yadi daidai ƙarfinta ta zaɓi ɗinkin da take so. Huɗu suka yanki leshi, uku atamfa, biyu shadda. Gyale da kallabi kaɗai na sayo iri ɗaya a babbar kasuwa.

Wata mai ɗinki muka kai wa a unguwar Mabera da ke Sakkwato, wadda maƙwabciyata ta daɗe tana yabonta. Ranar farko ta burge ni ƙwarai. Ba ta yarda ta duba kayan a cikin shago ba, ta ce hasken ƙwai yana ruɗin ido. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar shago da hantsi, ta jera yadukan tara, nan take muka ga atamfa ɗaya ta fi karkata ga ja, ba makuba ba ce sam. Ta ce a mayar a canza tun ba a sa almakashi ba, aka kuwa canza. Ita ce kuma ta kawo shawarar a yi wa kowace riga siririn aiki ruwan zinari a bakin hannu, domin ko da ɗinki ya bambanta ido ya gane tafiyarsu ɗaya. Ta hana a sa shafi mai kauri a rigunan leshi, ta ce zafin Sakkwato a wannan wata yana haura digiri 40, kafin a gama kamu mutum ya jiƙe sharkaf. A ranar na dawo gida ina sa mata albarka.

To ga inda aka samu matsala. Biyu daga cikin ƙawayen sunansu ɗaya. Ɗaya ita ce mai cikin, ɗayar kuwa siririya ce, kuma dukansu leshi suka kai. Na faɗa wa mai ɗinkin da bakina, har sau biyu, na ce Anti a kula da waɗannan. Ta ce, "Kar ki damu ɗiyata, mun saba." Ashe a 'yar takarda yarinyar shagonta ta rubuta sunan ta liƙa a leda, ba alamar komai. Aka yanka leshin mai cikin a kan awon siririyar, doguwar riga mai kama jiki, na siririyar kuma aka yi mata bubu. Leshi yadi 5 ne, in an yanka an yanka.

Ana gobe kamu da la'asar muka je karɓa. Mai cikin, baiwar Allah, ta shiga bayan labule ta gwada, rigar ta tsaya mata a ƙirji, ba ta sauka ba ba ta fita, sai da na shiga na taimaka mata. Ta zauna a kan benci tana share hawaye da bakin hijabi, ba ta ce uffan ba. Ni na san yadda ta yi adashe kafin ta sayi leshin nan. Abin da ya fi ƙona mini rai, mai ɗinkin ba ta ce a yi haƙuri ba. Cewa ta yi, "Ai ku ba ku bambanta muna su ba." Wallahi da ba don bikin ya zo ba da na kwashe kayan gaba ɗaya.

Gaskiya ɗaya, ta gyara. Babu wuta a unguwar, ta tada janareta, ta farke gefe da gefe, ta ɗauko ragowar shaddar wata ƙawar ta tsaga ta ƙara daga hammata har ƙasa, ta bi gaɓar da aikin zinarin nan. Sai bayan isha'i muka bar shagon. Washegari a wurin kamu mata biyu suka tambaye ni wa ya ɗinka wannan rigar, sun ɗauka da gangan aka haɗa leshi da shadda. Bubun siririyar ma da aka rage masa faɗi ya zauna mata. A hoto kuwa sun yi kyau ƙwarai, kowa da salonta, kallabi da gyale sun haɗa su, har gwaggonmu da ta yi ta faɗan wai wannan ba anko ba ne ta yi shiru.

Da na so in ce ku kai mata ɗinki hankali kwance, amma da na tuno ƙarshen lissafinmu sai abin ya dawo mini sabo. Ta ƙara mini Naira 3,000 wai kuɗin gyara da man janareta, a kan kuskuren da a shagonta aka yi shi. Na biya don dare ya yi kuma mai cikin ta gaji da zama. Sannan ragowar atamfar ƙawaye biyu, kusan yadi ɗaya ɗaya, har yau ba ta bayar ba, kullum sai ta ce yarinya za ta duba. Rigar amarya ta walima ma dutsen wuyan ya fara zuba tun a ranar, don da gam aka liƙa shi ba ɗinkewa aka yi ba.

Idan mutum ɗaya ce za ki kai naki, hannunta yana da kyau, ta kuma san kala. Idan kayan taro ne, ki rubuta suna da awo da irin ɗinki da hannunki, ki ɗaure a jikin kowane yadi, ki karɓa saura mako guda. Ƙawar tamu ta haihu lafiya, namiji, amma ko ranar suna ba ta sa rigar ba. Ta ce in ta gan ta bencin nan take tunawa.