Raba faifai ko saka tsari a cikin taga: wanne ya dace da mai wasa da ke tsoron bairos?

Ɗan'uwa, ka ce kana son ƙara tsarin gudanarwa na biyu a laftof ɗinka, amma kana fargabar bairos ya tsallaka daga wannan zuwa wancan, kuma ba ka son wasanninka su riƙa ja da ƙyar. Hanya biyu ce: ko ka raba faifai, Windows gefe guda, wani nau'in Linux kamar Ubuntu ko Linux Mint gefe guda, ko ka sa manhajar VirtualBox ko VMware, tsarin na biyu ya gudana cikin taga.

A wajen wasa, raba faifai ne gaba nesa ba kusa ba. Tsarin da ka tayar shi ke da katin hoto da RAM gaba ɗaya. A cikin taga kuwa rabo ake yi. In RAM ɗinka 8GB ne ka ba tsarin da ke cikin tagar 4GB, kowa zai wahala, kuma katin hoto na kwaikwayo yake samu. Wasan Valorant ma ƙin buɗewa yake yi a can, saboda manhajarsa ta hana maguɗi. Tun 2018 manhajar Proton ta kamfanin Valve ta sa wasannin kasuwar Steam da yawa na tashi a Linux, amma ban da irin su Fortnite.

Batun bairos ne nake son ka natsu a kai, don mutane da yawa na ɗauka cewa raba faifai katanga ce. Gaskiya ne bairos ɗin Windows ba ya gudana a Linux haka kawai, kuma Windows ba ta karanta ɓangaren ext4, wato ɓangaren faifan da Linux ke ajiye fayilolinta, da kanta. Amma in kana da ɓangaren ajiya da su biyun ke amfani da shi, bairos mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa zai kulle duk abin da ke ciki. In kuma Windows biyu ka sa, kowace na ganin fayilolin 'yar'uwarta.

A nan taga ta fi. Ka sa manhajar ta adana yanayin da tsarin cikin tagar yake ciki kafin ka buɗe fayil ɗin da ba ka yarda da shi ba. In ya ɓaci, ka mayar da shi yadda yake. Sai dai ka rufe jakar da tsarin cikin tagar da na asali suke rabawa tsakaninsu.

Ni a ganina, ka bar wasa a Windows ta asali, gwaje-gwaje a taga. Kuma don Allah ka guji wasannin sata da aka fasa makullinsu, ta nan bairos ke yawan shigowa. Kafin ka taɓa faifan, ka kwafe fayilolinka, ka adana makullin BitLocker, mai kulle faifan Windows, in a kunne yake.