Bandcamp da Neman Matasan Mawaƙan Japan Masu Cin Gashin Kansu

Ƙasar Japan ce ta biyu a duniya wajen girman kasuwar waƙa, bayan Amurka, amma abin da ke fitowa daga cikinta ya iso kunnen mutanen waje bai wuce waƙoƙin finafinan zane ba, sai kuma ƙungiyoyin 'yan mata da samari masu rawa waɗanda manyan kamfanoni irin su Sony Music da Avex ke ɗaukar nauyinsu. A ƙarƙashin wannan kasuwa mai ƙyalli akwai wata duniyar daban, ta makaɗa da mawaƙa waɗanda ke aiki a ofis ko a kanti da rana, da dare kuma su sauka cikin ƙananan ɗakunan kiɗa na unguwannin Koenji da Shimokitazawa a Tokiyo, su yi kiɗan da babu gidan rediyon da zai saka shi. Wanda yake nesa da Japan, kuma bai iya harshen ƙasar ba, ba shi da hanyar isa ga waɗannan mutane da ta fi dandalin intanet na Bandcamp, ko da yake dole ne ya san yadda ake bin sa, kuma ya san abin da ba zai samu a cikinsa ba.

An kafa Bandcamp a shekarar 2008 a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma tun daga farko an gina shi ne a matsayin kanti, ba gidan sauraro na wata-wata ba. Mawaƙi ko ƙaramin kamfanin faifai yana buɗe shafinsa, ya ɗora waƙoƙinsa, ya sa farashin da ya ga dama, ko ma ya bar mai saye ya biya abin da ya sawwaƙa. Kamfanin yana cire kashi 15 cikin ɗari na kuɗin waƙoƙin da aka sauke, ya rage zuwa kashi 10 idan cinikin mawaƙi ya kai dala 5,000, sannan yana cire kashi 10 na kuɗin faifai da kaset da riguna. Abin da mutum ya saya ya zama nasa, yana iya sauke shi a wayarsa ko kwamfutarsa, ya saurara ko babu intanet.

Wannan lissafi yana da nauyi na musamman idan ana maganar Japan, saboda yadda ƙananan ɗakunan kiɗa na ƙasar suke aiki. Da yawa daga cikinsu suna bin tsarin da ake kira noruma, inda ake ɗora wa ƙungiya sayar da adadin tikiti kafin ta hau dandamali, idan kuma ba ta sayar ba sai ta cike gurbin daga aljihunta. Ke nan matashin da ke gwada sabon salo, wanda mutum goma ne kawai za su zo jinsa, yakan biya kuɗi ne domin a saurare shi. Ga irin wannan makaɗi, mai saye ɗaya daga wata nahiya da ya biya yen 1,000, wato kuɗin Japan, kai tsaye ya fi masa amfani a kan dubban saurare a manyan manhajojin da ke biyan abin da bai taka kara ya karya ba.

Hanyar bincike ta farko da dandalin ke nuna wa baƙo ita ce ta alamomi, wato mutum ya zaɓi gari kamar Tokiyo ko Osaka, ya haɗa da salon kiɗa, sai a jero masa abin da ke akwai. A ganina wannan ita ce hanya mafi rauni, domin mawaƙan ne da kansu ke liƙa wa aikinsu alama, babu mai tacewa, shi ya sa ake samun ɗimbin waƙoƙin da mutanen Turai da Amurka suka yi, suka sa musu hoton birnin Tokiyo da rubutun Japananci don ado kawai. Wanda ya tsaya a nan zai gaji kafin ya ci karo da abin kirki.

Inda dandalin ya ciri tuta shi ne shafukan ƙananan kamfanonin faifai, domin kowane ɗaya daga cikinsu zaɓin mutum ɗaya ne ko biyu da suka san abin da suke so, kuma suka zuba kuɗinsu a kai. EM Records na Osaka, wanda Koki Emura ya kafa a 1998, yana haɗa tsofaffin faifan da aka manta da su da aikin sababbin makaɗan Kansai, yankin da Osaka ke ciki. Guruguru Brain, wanda Go Kurosawa da Tomo Katsurada na ƙungiyar Kikagaku Moyo suka kafa a 2014 kafin su koma Amsterdam, shi ya fito da ƙungiyar Minami Deutsch ta Tokiyo, ya kuma miƙa hannu zuwa wasu ƙasashen Asiya. Idan mutum ya ji kundi ɗaya ya yi masa daɗi, abin da ya fi dacewa shi ne ya koma shafin kamfanin ya bi sauran kundayen ɗaya bayan ɗaya, maimakon ya jira na'ura ta zaɓa masa.

Wanda ya fi ba ni sha'awa a cikinsu shi ne Ftarri, wani ɗan ƙaramin kanti da ke ƙarƙashin ƙasa a unguwar Suidobashi ta Tokiyo, wanda Yoshiyuki Suzuki ya buɗe a 2012. Wurin kantin faifai ne, ɗakin kiɗa ne, kuma kamfani ne mai rassa, ciki har da Hitorri da aka ware wa makaɗi shi kaɗai. Kiɗan da ake yi a nan ya gaji salon da ya bunƙasa a wani ɗaki mai suna Off Site a Yoyogi tsakanin 2000 da 2005, inda kusancin maƙwabta ya tilasta wa makaɗa sassauta sauti har shiru ya zama wani ɓangare na kiɗan. A can ne irin su Toshimaru Nakamura suka yi suna, shi da yake kaɗa na'urar haɗa sauti ba tare da an jona mata wani kayan kiɗa ba, sai dai a mayar da abin da ta fitar cikinta. Matasan da suka biyo bayansu suna fitar da aikinsu ta Ftarri, kuma wajibi ne a faɗa wa mai karatu gaskiya cewa kiɗa ne mai neman haƙuri. Ana iya shafe minti guda ba a ji komai ba sai wani siririn sauti da numfashin mai busa, sannan a ji an goga wani abu a kan fatar ganga, a sake yin tsit. Ba a sauraron sa a cikin mota ko a bakin titi, kuma ba kowa ne zai yarda a kira shi waƙa ba. Duk da haka, samun damar jin abin da aka kaɗa a gaban 'yan tsirarun mutane a wani gini na Tokiyo, daga ko'ina a duniya, shi ne ainihin abin da dandalin ya iya wanda sauran ba su iya ba.

Wanda yake son abu mai motsa jiki sai ya nufi Osaka, wajen Koshiro Hino da ƙungiyarsa mai suna goat, wadda ta fitar da kundinta na farko a 2013. Suna riƙe da jita da ganguna da saksofon kamar kowace ƙungiya, amma suna danne igiyoyin da hannu ta yadda ba za su fitar da kari ba, sai ƙwas-ƙwas kawai, mai busa ma ba ya rera komai, yana bugun lokaci ne da iska. Kowane mutum yana maimaita nasa ɗan gajeren bugu mai tsawo daban da na ɗan'uwansa, su rabu, su yi ta zagaye, can sai su haɗu a wuri ɗaya daidai wa daida. Kunnen da ya saba da yadda kuntuku ke riƙe bugu ɗaya yayin da kalangu ke yawo a kansa ba zai sha wahalar gane abin da suke yi ba, sai dai nasu ba shi da kirari ko amshi, lissafi ne tsantsa da aka yi da hannu.

Akwai kuma Foodman, wato Takahide Higuchi na Nagoya, wanda ya ɗauki salon rawar titi na birnin Chicago ya tsige masa nauyi har ya koma 'yan ƙananan sautuka masu tsalle da ban dariya, da Meitei, wato Daisuke Fujita na Hiroshima, wanda ya gina kundinsa na 2018 a kan tsofaffin tatsuniyoyin fatalwa na ƙasarsa da sautin ruwa da na ƙwari. Otoboke Beaver kuwa mata huɗu ne daga Kiyoto da suka fara a 2009, suna kiɗa mai gudu da ihu a kan takaicin aikin ofis da halin maza, kuma kundinsu na 2022 ya ƙunshi waƙoƙi 18 cikin minti ashirin da 'yan kai. Amma a nan akwai abin lura. Foodman ya yi suna ne ta kamfanin Orange Milk na Amurka da Hyperdub na Landan, Otoboke Beaver kuma ta Damnably na Ingila, Meitei shi ma kamfanonin waje ne suka fitar da kundayensa na farko. Abin nufi, Japan ɗin da ake gani a Bandcamp ita ce wadda ta riga ta juya fuska waje, wadda ta sami wanda zai rubuta mata bayani da Turanci. Wannan ba laifin dandalin ba ne, amma ya kamata mai bincike ya sani, don kada ya ɗauka ya ga komai.

Waɗanda ba su juya fuska waje ba suna da yawa, kuma galibinsu su ne mafi ƙuruciya. Wasu suna ɗora aikinsu a SoundCloud ko YouTube ko Niconico, wasu suna bin hanyar Maltine Records, wanda wasu ɗalibai biyu suka kafa a 2005 suna raba waƙoƙi kyauta a shafinsu, kuma ta nan makaɗin da ake kira tofubeats ya fara fitowa. Wasu kuwa suna kwafar faifan CD da hannunsu su ajiye a kan tebur a bakin ƙofar ɗakin kiɗa, wanda bai je wurin ba shi ke nan ya rasa. Saboda haka wanda ke neman ɗan shekara ashirin da ya fara jiya zai fi samun waɗanda suka haura talatin, waɗanda suka riga suka daɗe suna fafutuka.

Wata dabarar da ke rage wannan giɓi tana nan a ƙarƙashin hoton kowane kundi, inda ake jera ƙananan hotunan mutanen da suka saye shi, wasu har da ɗan gajeren sharhi da waƙar da suka fi so. Idan aka latsa hoton mutum sai a ga duk abin da ya taɓa saya. Kundin da mutum ashirin kawai suka saya ya fi amfani a nan a kan wanda dubbai suka saya, domin waɗannan ashirin ɗin masu tono ne, kuma idan aka dace da wanda sunansa da sharhinsa suke da Japananci, to an sami jagora na cikin gida. Sashen rubuce-rubuce na kamfanin, Bandcamp Daily, wanda aka fara a 2016, shi ma ya yi bayanai masu kyau a kan garuruwa da kamfanonin Japan, amma an sayar da Bandcamp ga kamfanin Epic Games a 2022, aka sake sayar da shi ga kamfanin Songtradr a 2023, kuma a wannan ciniki na biyu kusan rabin ma'aikatan suka rasa aikinsu. Dandalin yana nan yana aiki, sai dai wanda ya sayi waƙa gara ya sauke ta ya adana, kada ya dogara da cewa shafin zai dawwama a yadda yake.

Game da amfani na yau da kullum, ana iya sauraron yawancin waƙoƙi kyauta kafin a saya, ko da yake bayan an maimaita waƙa 'yan lokuta dandalin yakan nemi a biya. Sunayen da aka rubuta da haruffan Japananci suna da wuyar nema ga wanda ba zai iya buga su ba, don haka duk shafin da ya burge mutum gara ya danna maɓallin bibiya nan take, a riƙa aiko masa sanarwa ta imel idan sabon aiki ya fito. Wajen saukewa akwai zaɓi tsakanin MP3 da FLAC da wasunsu, kuma mai tattalin data ya ɗauki MP3, domin kundi ɗaya na FLAC yana iya cin ɗaruruwan megabayit. Ana biya da katin banki ko PayPal, da kuɗin da mai sayarwa ya zaɓa, wanda ga mutanen Japan yawanci yen ne, saboda haka mai saye daga Najeriya ya fara tabbatar da cewa bankinsa yana barin sayayyar ƙasashen waje da katinsa, da kuma iyakar da ya sa. Faifai da kaset kuwa ban ba da shawarar a yi odarsu ba sai ga wanda ya ƙudura, domin kuɗin aike daga Japan yakan kai kuɗin kayan ko ya zarce.

Wanda ya tara abin da yake so ya saya, ya fi kyau ya jira ranar da ake kira Bandcamp Friday, wadda aka fara a watan Maris na 2020 lokacin da annobar korona ta rufe ɗakunan kiɗa. A irin wannan Juma'a kamfanin yana yafe nasa kason, kuɗin ya tafi ga mawaƙi ko kamfaninsa bayan an cire ladan hada-hadar kati. Ba kowane wata ake yin ta ba, kamfanin ne ke sanar da ranakun tun da wuri, kuma da yake ana bin agogon Kalifoniya ne, a Najeriya da Nijar tana farawa da ƙarfe 8 ko 9 na safiyar Juma'a, gwargwadon lokacin shekara, ta ƙare a daidai wannan lokaci ranar Asabar.