Asibitin koyarwa da ma'aikaci mai jinyar ƙiba: maganin ya yi, takardar sai ka tsaya a kanta

Ma'aikacin da likita ya ce ƙibarsa ta fara taɓa lafiyarsa abu biyu yake nema a asibiti: magani, da takardar da zai kai wa oga. Bitar nan ta fi tsayawa a kan na biyun, domin a nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Manyan asibitocin koyarwa na gwamnatin tarayya, irin su na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tsarinsu kusan ɗaya ne. Za ka yanki kati, ka ga likita a sashen marasa lafiya na jeka-ka-dawo, shi kuma ya tura ka wurin ƙwararre da masanin abinci. Ta fuskar magani muna ba su hannu. Takardarsu ma ta fi ta ko'ina nauyi a idon ma'aikata. Sai dai wadda ake miƙo maka kai tsaye an tsara ta ne don ciwo irin zazzaɓin cizon sauro, wanda zai kwantar da mutum kwana uku ya tashi. Jinyar ƙiba ba haka take cin lokaci ba.

Yadda take ci shi ne kaɗan-kaɗan, safiya bayan safiya. Ranar farko ta tafi a layin kati da awo: nauyi, tsayi, faɗin ƙugu, hawan jini. Da nauyi da tsayi ake fitar da ma'aunin BMI, wato a raba kilo da tsayin mita sau kansa. Mai kilo 110 da tsayin mita 1.70 zai fito da 38. Daga 30 zuwa sama likita ke kiran abin ƙiba, ba jin daɗi ba. Daga nan sai gwajin jini. Na suga na safe yana son awa takwas aƙalla ba ka ci komai ba, sau da yawa kuma ana haɗa shi da na maiƙon jini, don haka dole da sassafe ne. Gwajin HbA1c, mai nuna yadda suga ta kasance cikin wata uku, ba ya buƙatar haka, kuma kashi 6.5 cikin ɗari zuwa sama alamar ciwon suga ce. Karɓar sakamako wata fita ce. Kilinik ɗin ƙwararre yana da ranarsa a mako, ba kai za ka zaɓa ba. Masanin abinci shi ma da nasa layin. Kafin a ɗora mutum a kan tsari, safiya huɗu ko biyar sun tafi, bai kwanta a gado ko sau ɗaya ba.

In an ɗora shi a kan allurar semaglutayid, wadda aka fi sani da Ozempic ko Wegovy, lissafin ya ƙaru. Sau ɗaya ake yin ta a mako. Ana farawa da miligiram 0.25, a riƙa ƙarawa duk bayan mako huɗu, kuma a tsarin Wegovy sai bayan mako 16 ake kai 2.4. Likita zai so ya ga mutum a tsakanin nan. Kwana ɗaya ko biyu bayan ƙarin, wasu kan yi fama da tashin zuciya, amai ko gudawa. Dabarar da ta fi taimakon ma'aikaci ita ce ya tsayar da ranar allurarsa a yammacin Alhamis ko Juma'a, wahalar ta faɗo a ƙarshen mako. Wannan kaɗai na rage yawan izinin da zai nema.

Takardu uku ne a tsarin asibitin gwamnati, kuma ba kowa ya san bambancinsu ba. Akwai ta hutun rashin lafiya, wadda ma'aikata ke kira eskiyus-duti: ta ce kada wane ya zo aiki daga rana kaza zuwa rana kaza. Akwai ta sassaucin aiki, wadda ke cewa ya zo, amma a ɗauke masa wani nauyi. Akwai kuma cikakken rahoton likita, wanda ake rubuta buƙatarsa, a biya kuɗi a karɓi rasit, a jira a buga, babban likita ya sa hannu, a buga hatimi. Ta farkon ce ke fitowa nan take, shi ya sa ita kowa ke tafiya da ita. Ga mai jinyar ƙiba kuwa ta ukun ce dukiyar. Eskiyus-duti ta kwana ɗaya, sau bakwai cikin wata huɗu, tana sa oga ya fara kallon mutum a matsayin mai zillewa aiki. Rahoto ɗaya da ya zayyana watannin gaba ɗaya yana kashe wannan zargin tun kafin ya taso.

Raunin hidimar a nan yake. Ba wanda zai ce maka ga irin rahoton da ya dace da kai. In ba ka faɗa ba, ɗaya daga cikin biyu zai fito. Ko dai gajere marar amfani, mai cewa wane yana karɓar magani a nan, a taimaka masa. Ko kuma dogo da ya kwashe sirrinka kaf: nauyinka, sakamakon hantarka, har matsalar iyali in ka ambata wa likita. Na farkon oga ba zai iya tsara aiki da shi ba. Na biyun zai bi ta hannun masinja da akawun rajista kafin ya kai teburin darakta. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanin lafiyar mutum sirri ne, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa shi cikin bayanan da ake wa kariya ta musamman. Amma doka ba ta tare idon wanda ya riga ya buɗe fayil.

Saboda haka tun a ɗakin likita za ka ce, "Likita, rahoton nan wurin aiki zan kai, ba wani asibiti ba." Ka roƙi ya ƙunshi sunanka daidai da yadda yake a takardar albashi, lambar katinka, cewa kana ƙarƙashin kulawar sashe kaza, sau nawa za ka riƙa zuwa, wace rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, har tsawon wata nawa, da ranar da za a sake duba lamarin. Sunan cuta ba lallai ba ne. In ma'aikatarku ta nace, hawan jini ko ciwon suga da ake kula da shi, in kana da shi, gaskiya ne, kuma ya wadatar. Muna jaddada wannan ne domin a wajenmu har yanzu ƙiba alamar hutu ce, ana ce wa mutum "ka yi kyau, ka murmure." Shugaban da zai sa hannu nan take in ya ga hawan jini, zai iya ɗaukar kalmar ƙiba a matsayin neman gyaran jiki.

Kurakuran da ke sa a dawo da takarda ƙanana ne, amma kowanne na cin wata safiyar. Suna ya bambanta, Muhammad a asibiti, Mohammed a ofis. Babu hatimi. Likita mai neman ƙwarewa ne ya sa hannu shi kaɗai, alhali ma'aikatar na son na babban likita. An rubuta "na ɗan wani lokaci" maimakon kwanan wata. Mafi muni shi ne ka yi fashin aiki tukuna, sannan ka zo neman a mayar da kwanan wata baya. Likitan kirki ba zai yi ba, kuma gaskiyarsa ce, lasisinsa ne a kan layi. Ka duba komai a tsaye a wurin kafin ka fita, ka ɗauki hoto da waya, ka yi kwafi biyu. Rahoton ba ya fitowa a ranar da aka nema, don haka a nemi shi mako biyu kafin ranar da ake son yin magana da oga.

Kafin maganar, san ƙasar da kake takawa. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashi, in likita mai rajista ya shaida rashin lafiyar, kuma mai aikin na da damar cewa likitan da ya zaɓa ya sake duba shi. Ba kowa dokar ta shafa ba: masu aikin gudanarwa, shugabanci da ƙwararru, takardar ɗaukar aikinsu da littafin dokokin kamfani ne ke magana. Ma'aikacin gwamnatin tarayya kuwa Dokokin Aikin Gwamnati sun sa masa iyakar kwana 42 cikin wata 12 in ba a kwantar da shi ba, in ya haura sai a tura shi gaban kwamitin likitoci. Akwai wata gaɓa da ake yawan mantawa. Zuwa kilinik kana kan ƙafafunka, mai aiki zai iya cewa ba rashin lafiya ba ne da ya hana ka aiki. Shi ya sa ya fi kyau a nemi safiyoyin a matsayin izinin fita na awanni, a adana kwanakin hutun rashin lafiya don ranar da jiki ya ƙi da gaske.

Maganar kanta gajera ce, kuma a keɓe ake yin ta, ba a bakin ƙofa ba, ba a taron safiyar Litinin ba. "Ranka ya daɗe, likita ya ɗora ni a kan magani na wata huɗu. Safiyar Talata ɗaya nake buƙata duk mako huɗu, zan dawo kafin azahar. Ga takarda, ga ranakun. Na yi magana da wanda zai riƙe min teburi." Abin da ke damun oga shi ne wa zai yi aikin, ka amsa masa wannan kafin ya tambaya. In ya tambayi ciwon, "Abu ne da likita ke kula da shi, yallaɓai, da sauƙi" amsa ce mai ladabi da ta isa. Bayan ya amince da baki, ka rubuta ta hannun shugaban sashenka, ka haɗa kwafin rahoton a ambulan a rufe, ka karɓi kwafin da aka buga wa hatimin shaidar karɓa. Oga na iya canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma abin da ke fayil kaɗai ya sani. Kwiri da yawa, wato takardun tuhuma, daga nan suke fitowa.

Tiyatar rage tumbi lissafinta daban. An saba yin ta ga mai BMI 40, ko 35 tare da ciwon suga ko hawan jini, ko da yake ƙungiyoyin likitocin fannin sun sassauta ma'aunin a 2022. A wadda aka fi yi, ana cire wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbin. Kwanciyar asibiti kwana ɗaya zuwa uku ce, amma kar wannan ya ruɗi kowa. Kafin ta akwai kusan mako biyu na abinci mai tsanani don hanta ta ragu, lokacin da mutum kan ji jiri da kasala. Bayan ta wajen mako biyu ruwa-ruwa kawai, sannan abinci markaɗaɗɗe. Mai aikin teburi kan buƙaci mako biyu zuwa huɗu, mai ɗaukar kaya ko doguwar tsayuwa huɗu zuwa shida. Kuskuren da aka fi yi shi ne neman mako ɗaya don kunya, sannan a dawo ana roƙon ƙari. A nemi babbar lambar, in an warke da wuri a dawo da wuri. Wuraren da ke yin tiyatar kaɗan ne, wasu kan tafi Legas ko Abuja, wasu Masar, Indiya ko Turkiyya. Ma'aikacin gwamnati mai fita waje sai ya haɗa da izinin tafiya, ya kuma lissafa kwanakin da likita zai hana shi hawa jirgi saboda haɗarin daskarewar jini a ƙafa. A nan ma rahoton asibitin koyarwa ne zai tsaya masa, duk da ba su za su yi aikin ba.

Asibitin kuɗi ya fi sauri, wasu na ganin mutane da yamma ko ranar Asabar, kuma ga ma'aikacin kamfani da ba ya son taɓa lokacin aiki wannan babban abu ne. Amma ma'aikatun gwamnati da dama ba sa karɓar takardarsu sai likitan gwamnati ya ƙara sa hannu, ka ga an koma layin da aka gudu. Mai kyamis da mai sayar da shayin rage teɓa kuwa ba su da takardar da doka ta sani. Mai inshorar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ya tuna cewa sai asibitinsa na farko ya tura shi, kamfanin inshorar ya ba da lambar amincewa, kafin ƙwararre ya gan shi a ƙarƙashin tsarin. In ya je babu lambar, ko ya biya daga aljihu ko ya sake wata safiyar.

Direbobi da masu aiki da injina su ambaci minshari mai ƙarfi da gyangyaɗin rana ga likita tun zuwan farko, domin ɗaukewar numfashi cikin barci na tafiya da ƙiba. Takardar sassaucin aiki ce ta dace da su, a ɗauke su daga tuƙin dare ko doguwar hanya har a shawo kan matsalar. Duk wanda ya yi dogon hutu kuma, a zuwansa na ƙarshe kafin ya koma ya nemi takardar da ke cewa ya samu lafiyar komawa aiki, a rubuta a ciki kilo nawa aka yarda ya ɗaga, da ranar da wannan iyakar za ta ƙare.