Volkswagen Beetle ƙirar 1972: mota mai daɗi, amma a duba safaya

Na sayi wannan Beetle ɗin ne daga hannun wani mai gyaran tsofaffin motoci da ya yi ta rantsuwa cewa komai nata na asali ne. A farko ban ga abin kushewa ba. Injin yana baya, iska ke sanyaya shi, babu lagireto balle a yi ta zuba ruwa. Ka ɗaga murfin baya ka ga kabireta da fanbel da janareta duk a fili, hannunka na isa ko'ina. Motata ta zamani kuwa in ta kunna wuta a dashbod sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta.

Sai ranar da taya ta yi faci ana ruwan sama, a hanyar da babu mai faci ko ɗaya. Na buɗe bonet, don a gaba safaya take, na taɓa ta na ji ta laushi tiɓis. Tayar da na sa aka cika da idona!

Ashe a wannan ƙirar, ruwan wanke gilashi ba shi da famfon lantarki. Wani siririn tiyo ne ya taso daga bakin safaya zuwa robar ruwan, iskar tayar ce ke tunkuɗo ruwa duk sanda ka danna. Masu ƙirar ba su yi sakaci ba, sun sa bawul da ke datse iskar kafin taya ta yi laushin da ba za ta moru ba. To mutumin nan ya cire na asalin, ya ɗaura wani tiyo haka kawai, bai ce mini uffan ba. Ni kuma ga laka na fallatsowa, ina ta wanke gilashi ina jin daɗi, ashe safayata nake zuƙewa. Na daɗe tsaye a jiƙe kafin wani direba ya tsaya da famfon ƙafa. Da na kira mai sayarwar, dariya ya yi, wai ai kowa ya san halin Beetle. Wallahi dariyar ta fi facin ƙona mini rai.

Tun da na tuno wannan, bari in faɗi sauran. Batir a ƙarƙashin kujerar baya yake, kuma mai sayarwar ya ba ni motar ba murfi a kansa. Mai jiki ya zauna, wayoyin kujerar su taɓa kan batir, sai tartsatsi. Ribas sai ka danna giyar ƙasa kafin ta shiga. In fanbel ya tsinke, fankar da ke sanyaya injin ta tsaya ke nan, jar wuta na kamawa dole ka faka nan take. Babu na'urar sanyaya ɗaki, sai 'yar tagar nan mai kusurwa uku, wadda gaskiya iskarta ta fi yadda na zata.

An ƙera irinta sama da miliyan 21 kafin a daina a Meziko a 2003, don haka kayan gyara ba su wahala. Zan ci gaba da hawanta ranakun hutu, amma iyalina ba za su yi doguwar tafiya a ciki ba. Shi kuwa mutumin, ko ƙusa ɗaya ba zan sake saya a hannunsa ba.