Windows da V: sharhina bayan na yi aiki da shi a shagon cike takardu

Duk mai aikin cike fom a kwamfuta ya san wahalar kwafi ɗaya-ɗaya. Ka danna Ctrl da C ka ɗauko lambar fasfo, ka koma ka ɗauko suna, lambar ta tafi. A shagonmu da ke Shara Mansur a Makka, inda 'yan'uwanmu ke kawo takardun igama da na baƙinsu masu zuwa Umra, wannan kai-komo shi ke cinye rabin yini.

Tun shekarar 2018 Microsoft ta sa ma'ajiyar kwafi a Windows 10, tana nan kuma a Windows 11, sai dai a kashe take zuwa. Za ka shiga Settings, ka je System, ka zaɓi Clipboard ka kunna. Daga nan in ka haɗa maɓallin Windows da V, ƙaramin akwati zai buɗe da abubuwa 25 na ƙarshe da ka kwafa, rubutu ko hoto, matuƙar kowanne bai wuce MB 4 ba.

A kwamfutar shagon wurin kunnawar ya ƙi dannuwa, ya yi fari-fari, da sanarwa a sama wai hukumar wurin aiki ce ke kula da saitin. Mu kuwa ba mu da wata hukuma. Ashe mai gyaran da ya ɗora mana Windows ne ya rufe shi da sunan ƙara wa kwamfuta gudu. Sai da na buɗe gpedit.msc, wato wurin saita dokokin Windows, na bi ta Administrative Templates zuwa System, sannan OS Policies, na kunna Allow Clipboard History, na sake tayar da kwamfutar. Wanda ke da Windows Home ba zai samu wannan ƙofa ba, a Pro take.

Abin da ya fi burge ni shi ne maƙalewa, wato danna Pin a kan abin da ka kwafa a cikin akwatin. Abin da ka maƙale ba ya gogewa ko an kashe kwamfuta. Na maƙale ƙ da ɗ da ɓ, domin allon rubutunmu Larabci ne da Turanci, ga kuma wasiƙun Hausa da dattawa ke sa ni in rubuta musu zuwa Kano da Damagaram. Na maƙale adireshin shago da Larabci. Yanzu fasfo ɗaya sau ɗaya nake buɗe shi, in kwashe suna da lamba da ranar haihuwa, in zo in jera su.

Bai warware komai ba. Ba ya riƙe fayil, kuma Larabcin da aka kwafo daga wasu takardun PDF yana fitowa a hargitse, haruffa a rarrabe, wannan daga takardar ne.

Inda nake jan kunne shi ne sirrin mutane. Mu uku ke zama a kan kwamfuta ɗaya. Ranar nan wata hajiya na tsaye a bayana na danna Windows da V, sai ga lambar igamar wanda ya tashi kafin ita ɓaro-ɓaro. Ta ce, "Ɗana, tawa ma haka za ta zauna?" Tun ranar, kowa ya tashi sai na danna Clear all, kuma ban kunna haɗa ma'ajiyar da wasu na'urori ta asusun Microsoft ba. A kwamfutarka ta gida ka kunna ba fargaba. A ta shago, ka tabbatar abokan aikinka sun san wurin gogewa kafin ka nuna musu wurin kunnawa.