Bourbon da Scotch: a ganga suka raba hanya

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce ya kama aiki a mashayar otal. Baƙi suna neman bourbon ko Scotch, shi kuwa duk wuski yake gani. Ya tambaya mene ne bambancinsu, kuma wanne zai miƙa wa wanda ya ce ba ya son mai kaifi.

Ɗan'uwa, fara da hatsi. Dokar Amurka ta ce bourbon sai masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin ɗari, sauran kuma galibi hatsin rai ne ko alkama, da ɗan sha'ir. Bourbon ɗin Maker's Mark da alkama ake cika shi, shi ya sa ya fi laushi a baki. Scotch mai suna single malt kuwa tsiron sha'ir ne zalla, daga masana'anta guda a Sikotilan.

Amma inda ɗanɗano ya fi rabuwa shi ne ganga. Bourbon dole a zuba shi a sabuwar gangar itacen ok da aka babbake cikinta da wuta, kuma ƙarfinsa kada ya wuce kashi 62.5 lokacin zubawa. Sabon itace ga zafin bazarar Kentaki, jihar Amurka da ta yi suna da bourbon, sai barasar ta riƙa shiga katakon tana fita, ta kwaso zaƙin banila da ƙamshin ƙonannen sukari cikin 'yan shekaru. Da an juye, ba a sake sa bourbon a gangar. Da yawansu sai a sayar wa 'yan Sikotilan, su zuba nasu a ciki, ya kwanta aƙalla shekara 3 cikin sanyi. Tsohuwar ganga ba ta da sauran zafin hannu, don haka hatsin ne ke fitowa fili. Kada shekarun da ke jikin kwalba su ruɗe ka: bourbon ɗan shekara 8 ya sha itace sosai, ba ƙanen Scotch ɗan 12 ba ne. Lambar da ke jikin kwalbar ma shekarun wuski mafi ƙanƙanta ne a cikin waɗanda aka haɗa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗauka cewa duk Scotch hayaƙi yake yi. Na tsibirin Islay ne suka yi suna da haka, irin su Laphroaig da Lagavulin, domin da hayaƙin ruɓaɓɓun ciyayin fadama ake busar da sha'irinsu. Ka buɗe Laphroaig, sai ka ce an haɗa toka da maganin ciwo. Glenfiddich ɗan shekara 12 kuwa, shi ma Scotch ne, amma ƙamshin 'ya'yan itace yake yi. Baƙon da ya ce ba ya son kaifi, ka ba shi Maker's Mark ko Glenfiddich. Kada ka kusanto masa da Islay, ko bourbon ɗin Wild Turkey 101 mai ƙarfin barasa kashi 50.5.

Wajen zubawa, ɗigo biyu ko uku na ruwa suna buɗe ƙamshi, ƙanƙara mai yawa kuma tana kashe shi, musamman a Scotch. Bourbon ya fi jure ƙanƙara da haɗi. Kwalba a tsaye ake ajiye ta, nesa da rana, domin in ka kwantar da ita barasar za ta ci toshiyar. Idan baƙo ya nemi bourbon, ka tambaye shi kafin ka ɗauko Jack Daniel's, domin masu shi wuskin Tenesi suke kiransa, kuma ta cikin gawayi ake tace shi kafin ya shiga ganga.