Tsabar zinare ta Sarki Nikolas a kasuwar Balad: abin dubawa kafin a biya

A wasu kantunan zinare na Balad a Jidda, kusa da junaihin (wato tsabar zinare) Saudiyya da na Ingila, akan ga wata 'yar tsaba mai hoton kan wani mai gemu, bayanta kuma mikiya mai kai biyu. Rubul ne, wato kuɗin Rasha, na Nikolas na Biyu, sarkin Rasha na ƙarshe. Ajiya ce mai kyau, muddin kuɗin zinarenta aka biya.

Iri biyu aka fi samu. Mai rubul 5 nauyinta giram 4.30, faɗinta milimita 18.5. Mai rubul 10 giram 8.60 ce, milimita 22.5. Kashi 90 cikin 100 zinare ne, saura jan ƙarfe, shi ya sa take ɗan ja. Wato karat 21.6 ke nan, kuma zallar zinaren da ke cikin babbar giram 7.74 ne. Nan matsalar take: ranar sayarwa mai kanti zai so ya lissafa ta a karat 21, ɗan rarar ya tafi a banza.

Mai kanti zai ce maka "kayan tarihi ne, Alhaji", ya ɗora farashi. Tarihin gaskiya ne. An fara buga su bayan gyaran kuɗin da ministan kuɗi Witte ya yi a 1897, aka daina canza kuɗin takarda da zinare da yaƙin 1914 ya ɓarke. Sarkin ya yi murabus a Maris 1917, 'yan juyin juya hali na Bolshebik suka harbe shi da matarsa da 'ya'yansu biyar a Yekaterinburg cikin Yuli 1918. Amma miliyoyi aka buga, har gwamnatin Sobiyet ta sake buga mai rubul 10 da tsohon hatimi a shekarun 1920. Waɗanda suka cancanci ƙarin farashi su ne mai rubul 15 da mai rubul 7.5, domin a 1897 kawai aka yi su.

Jabu kuwa sun yi yawa, wasu ma da zinare aka yi su, sai dai karat ɗinsu ya yi ƙasa. Maganaɗisu ba ya tona irin waɗannan. A ɗora a ma'aunin da ke nuna lamba biyu bayan ɗigo, a auna faɗi, sannan a duba gefe: babbar tana da rubutu kewaye da ita, ƙaramar kuma zane da haruffan jami'in gidan buga kuɗi. Gashin kai da gemu su fito sarai. Wadda aka narka aka zuba a mazubi takan yi ƙananan ramuka.

A guji wadda aka liƙa wa zobe don sarƙa, wuta ta riga ta ɓata gefenta. Kafin a miƙa riyal, a sa mai kanti ya rubuta nauyi da karat a fatura (rasit), a kuma tambaye shi nawa zai karɓe ta in an dawo da ita.